Biram na Tafkin Cadi da Makaɗin Ƙasar Finlan

Duk wanda ya bi gaɓar Komadugu daga Difa ya yi gabas, ya ratsa gonakin tattasai har Boso, zai isa inda kogin yake zuba ruwansa cikin Tafkin Cadi. Can ne ƙasar Buduma, masunta kuma makiyayan shanun kuri masu manyan ƙahoni. Abin kiɗansu shi ne biram: itace ne da aka sassaƙa kamar kwalekwale, aka rufe shi da fata, aka ɗaura masa tsirkiya biyar. Ba abin wasan yara ba ne a wurinsu, domin sun ce Kargila, aljanin tafkin, shi ne ke tsaronsa.

A farkon shekarun 2000 saura ƙiris biram ya ɓace. Gwani ɗaya ya rage da aka sani, wani dattijo mai suna Bukar Tar, kuma samarin tsibirai ba su damu da gadon ba. Wanda ya je ya durƙusa gabansa ba Buduma ba ne. Malam Maman Barka ne, Batube haifaffen Tasker, malamin lakkwal wanda Nijar ta daɗe da saninsa da gurumi a hannu. A 2002 ya samu tallafin UNESCO, ya tafi bakin tafki ya zama almajiri. Dattijon ya koya masa kiɗan da waƙoƙin da ladubban abin, daga baya ya damƙa masa biram ɗinsa.

Wannan labari yana da ɗan'uwa a wata ƙasa mai nisa, wato Finlan, can ƙuryar arewacin Turai, ƙasar dusar ƙanƙara da dubban tafkuna. Su ma mutanenta suna da abin kiɗa na gargajiya mai tsirkiya biyar, sunansa kantele, kuma tatsuniyarsu ta ce na farko da muƙamuƙin wani ƙaton kifi aka yi shi. Babban makaɗinsu, Jan Sibeliyus, an haife shi a 1865, lokacin da ƙasar take ƙarƙashin sarkin Rasha. Harshen Suwidin ake yi a gidansu. A makaranta ya ƙware da harshen Finlan. Ya yi karatun kiɗa a Berlin da Biyana, amma a ƙarshen 1891 sai ya nemi wata baƙauyiya mai suna Larin Paraske, ya zauna ya saurari yadda take rera waƙoƙin kakanni. A 1892 ya fito da "Kullervo", wanda ya gina bisa Kalebala, littafin da wani likita, Eliyas Lonrot, ya haɗa daga bakin mawaƙan ƙauye.

Har nan mutanen biyu tafiyarsu ɗaya: kowanne baƙo ne ga harshen waƙar da ya je nema, kowanne ya kwantar da kai ya koya wurin na gaba da shi. Daga nan hanya ta rabu.

A 1897, tun kafin ya rubuta ko ɗaya daga cikin manyan kiɗe-kiɗensa bakwai da ake kira sinfoni, hukumar Finlan ta yanka wa Sibeliyus kuɗi na shekara-shekara domin ya zauna ya yi aikinsa. Ba ta yi asara ba. A 1899, a wani taron goyon bayan ƴan jarida da Rasha ta matsa wa lamba, aka fara jin kiɗan da ya zama "Finlandia", wanda ya zaburar da jama'a har ƙasar ta samu ƴanci a 1917. (Karin nan ma Biyafara ta ara ta yi taken ƙasarta a 1967.) Bayan 1926 bai sake fitar da wani babban aiki ba, sinfoni na takwas ma da hannunsa ya ƙone shi. Amma ya yi shiru na shekara talatin, ya rasu a 1957, kiɗansa bai yi shiru ba, saboda yana rubuce, kuma akwai makarantar da ke ɗauke da sunansa a Helsinki tana horar da masu kaɗa shi.

Maman Barka kuwa ya yi iyakar abin da mutum ɗaya zai iya. Ya kai biram bikin WOMAD a Ingila a 2008, tare da makaɗin ganga Umaru Adamu, kuma a 2009 faifansa ya fito a can. Sai dai biram ba a takarda yake ba, a hannu da kunne yake, kuma ƙasarsa ce take zamewa ƙarƙashinsa. Tafkin da ya kai murabba'in kilomita 25,000 a shekarun 1960, fari na shekarun 1970 da 1980 ya janye mafi yawansa. A Fabrairun 2015 Boko Haram ta afka wa Boso da Difa. Aka umarci mazauna tsibirai su fita, a watan Mayu dubbai suka tako a ƙasa zuwa Ngigmi da Boso. An yi shekaru an hana kamun kifi da cinikin banda. Masuncin da aka raba da jirginsa, da wuya ya zauna koya wa ɗansa waƙar masunta.

Attajiran tattasai da na kifi ba marowata ba ne. Kowa ya ga yadda suke yi wa makaɗi kari a filin biki. Amma kari na dare ɗaya ne, ba ya ciyar da almajiri shekara uku. Ma'aikata kuma sun fi kowa sanin cewa abin da bai shiga kasafin kuɗi ba, jawabi ne kawai. Kuɗin da ya kai Maman Barka gaban Bukar Tar daga waje ya zo.

Maman Barka ya rasu a Yamai ranar 21 ga Nuwamban 2018. Jaridun da suka ba da labarin rasuwarsa sun kira shi da laƙabin da aka taɓa kiran malaminsa da shi: gwanin biram na ƙarshe.