In Baƙon Sama Ya Yi Sallama, Wa Zai Amsa?

A wata muhawara da ɗaliban sashenmu suka shirya a zangon karatun da ya gabata, an jefo wata tambaya wadda da farko muka ɗauka ta raha ce kurum, wato idan aka wayi gari wasu halittu masu hankali daga wata duniya suka sauka a doron ƙasa, yaya 'yan Adam za su yi? Zauren ya rabu biyu. Wasu suka ce ai ranar sai gudun ceton rai, uwa ta manta da ɗanta. Wasu kuwa suka ce a'a, ranar ce za a manta da ƙabila da launin fata da iyakokin ƙasa, duniya ta zama tsintsiya maɗaurinki ɗaya. Aka yi tafi, aka watse. Mu dai mun fita da damuwa, domin kuwa duka amsoshin biyu aro ne daga majigin Amurka, kuma babu ɗaya daga cikinsu da za ta iya tsayawa a gaban tarihi.

Mu fara da masu cewa za a ruɗe. Hujjarsu guda ce, kuma ta tsufa. Ran 30 ga Oktoba, 1938, Orson Welles ya gabatar da wani wasan kwaikwayo a gidan rediyon CBS na Amurka, ya tsara shi tamkar labarai da ɗumi-ɗuminsu, cewa mayaƙa daga duniyar Mars sun dira a jihar New Jersey. Washegari jaridu suka cika da labarin wai al'umma ta haukace. Masu bincike sun nuna daga baya cewa waɗanda suka saurari shirin ma ba su da yawa, jaridun ne suka zuzuta abin, don a lokacin rediyo ya fara ƙwace musu masu talla. Inda aka yi asarar rai shi ne birnin Kito na ƙasar Ikwado a 1949, sa'ad da wani gidan rediyo ya maimaita wasan. Amma mai karatu ya lura da yadda abin ya auku: da mutane suka gane yaudararsu aka yi, sai suka nufi gidan rediyon suka cinna masa wuta, aƙalla mutum 6 suka mutu. Ashe abin da ya harzuƙa su shi ne rainin hankalin da 'yan'uwansu suka yi musu. Haka nan masu cewa imanin mutane zai rushe, su je can su faɗa. Bahaushen da ya tashi da sanin cewa akwai mala'iku da aljanu bai taɓa ɗaukar kansa shi kaɗai ne mai hankali a cikin halitta ba, balle wannan labari ya zautar da shi.

To, ina wannan tsoro ya samo asali? Wasan na Welles daga littafin H. G. Wells na 1898 aka ciro shi, wanda ke ba da labarin yadda mutanen Mars suka mamaye Ingila. Mu malaman adabi mun san abin da masu shirya majigi suka gwammace su tsallake: tun a babin farko marubucin ya tuna wa 'yan ƙasarsa yadda Turawa 'yan ci-rani suka karkashe mutanen tsibirin Tasmaniya, yana nufin wanda ya aikata haka ba shi da bakin kuka in an yi masa irinsa. A 2010 masanin kimiyya Stephen Hawking ya maimaita wannan gargaɗi, ya kwatanta zuwan baƙin sama da saukar Kolumbus a nahiyar Amurka, wadda ba ta yi wa 'yan asalin wurin kyau ba. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Baƙon da ake nuna mana a majigi, mai zuwa da babban jirgi da makamin da babu irinsa yana neman ƙasa da ma'adinai, mun san shi, kakanninmu ma sun gan shi ido da ido. Abin takaici shi ne ɗalibinmu ya ari fargabar mai laifi ya yafa, ya ɗauka ita ce fargabar 'yan Adam baki ɗaya.

Amsa ta biyu ta fi daɗin ji, don haka ta fi haɗari. A watan Satumba na 1987, shugaban Amurka Ronald Reagan ya tsaya a zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce yakan yi tunanin yadda bambance-bambancenmu za su gushe nan da nan idan barazana ta zo mana daga wajen duniya. An jarraba wannan zance a 2020, sa'ad da cutar korona ta zo, abokiyar gaba wadda ba ta tambayar fasfo. Da aka samo allurar rigakafi, ƙasashe masu kuɗi suka saye ta suka jibge, har wasunsu suka shiga zagaye na uku a 2021 alhali akasarin mutanen Afirka ba su sami ta farko ba. Wanda bai raba allura da maƙwabcinsa ba, shi ne zai raba masa ilimin da ya sauko daga sama?

Tarihi ma bai goyi bayan Reagan ba. A 1519 Hernan Cortes ya sauka a gaɓar Meziko da 'yan ɗaruruwan Sifaniyawa, kuma a 1521 babban birnin daular Aztek ya faɗi. 'Yan ɗaruruwa ba su ci daula. Dubban mayaƙan Tlaxcala, waɗanda suka daɗe da jin haushin Aztek, su suka mara masa baya, cutar agana kuma ta ƙarasa sauran aikin. Ba sai mun tsallaka teku ba ma. Sarkin Zazzau Kwasau ya nemi taimakon Turawa a kan hare-haren Sarkin Sudan na Kontagora, suka zo a 1902, ba a daɗe ba suka tuɓe shi. Rundunar da ta ci Kano a watan Fabrairu na 1903, 'yan tsirarun hafsoshinta ne Turawa, sauran duk baƙar fata ne, kuma da yawansu da Hausa suke magana. Da Sakkwato ta faɗi a watan Maris, manyan ƙasa ba su yi baki ɗaya ba: Sarkin Musulmi Attahiru ya zaɓi hijira har aka cim masa a Burmi, Waziri Buhari kuwa ya ga zama da sulhu ya fi zama maslaha ga jama'ar da aka bari. Ba muna zargin kowa ba ne, kowannensu da hujjarsa. Abin da muke cewa shi ne, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma bangon duniyar yau ya fi na 1903 tsagewa. In baƙon sama ya zo, za a sami masu yaƙi, da masu gudu, da masu kai gaisuwa da dare don a fifita su a kan maƙwabtansu.

Mun san za a ce halittar wata duniya ba Bature ba ce, ƙila ba ta buƙatar ƙasa ko zinariya. Mun yarda. Hasali ma tauraron da ya fi kusa da ranarmu, haske kansa sai ya yi tafiyar fiye da shekara 4 kafin ya iso daga gare shi, don haka in za a ji ɗuriyar wani, ya fi yiwuwa saƙo ne zai shigo ta na'urar sauraren sararin samaniya. Wannan kuwa shi ya kawo mu ga tambayar da babu wanda ya yi ta a zauren nan, kuma ita ce ta shafi sashenmu kai tsaye: wa zai zama tafinta? Cortes ya sami abin da ya samu ne ta bakin mutum biyu, wata baiwa mai suna Malintzin da ke juya harshen Aztek zuwa na Maya, da wani Basifaniye, Aguilar, da ke juya na Maya zuwa Sifaniyanci. Dattawanmu ma suna da labarai a kan abin da tafintan Joji ke iya yi wa ƙara tsakanin bakin talaka da kunnen Bature.

Kada a ce muna yanke hukunci a kan abin da bai faru ba, domin an riga an yi magana da yawunmu sau ɗaya. A 1977 hukumar NASA ta harba kumbo biyu, Voyager 1 da Voyager 2, kowanne ɗauke da faifan garmaho na tagulla da aka shafe da zinariya, saƙo ga duk wanda ya tsince shi. Kwamitin da Carl Sagan ya jagoranta ya sa gaisuwa cikin harsuna 55. Akwai Sumeriyanci da Akadiyanci da harshen Hitti, waɗanda masu magana da su suka ƙare tun dubban shekaru. Babu Hausa, babu Yarbanci, babu Suwahili. A yi wa kwamitin adalci: 'yan makonni kaɗan aka ba su, sai suka ɗauki muryoyin waɗanda suka samu a kusa da Jami'ar Cornell. To, ai nan gizo ke saƙar. Ba sai an ƙi mu ba ake barinmu a baya, rashin kasancewa kusa da ɗakin da ake yanke shawara ya wadatar. Hotunan da aka zuba a faifan kuma, da gangan aka cire yaƙi da talauci da cuta daga cikinsu, kamar amaryar da aka ɓoye wa dangin ango tabonta.

Akwai wata takardar ƙa'idoji da masana binciken sararin samaniya suka amince da ita a 1989, aka sabunta ta a 2010, wadda ta ce duk wanda ya gano saƙo ya sanar da duniya, kuma kada a mayar da amsa sai an yi shawara tsakanin ƙasashe. Magana mai kyau, sai dai ba doka ba ce, babu gwamnatin da ta ɗaure. Nijeriya na da hukumar sararin samaniya tun 1999, ta kuma harba tauraron ɗan Adam na farko a 2003, saboda haka tana da bakin da za ta nemi a mayar da wannan takarda yarjejeniya a Majalisar Ɗinkin Duniya, tare da sauran ƙasashen Afirka. Mu ma da namu laifin. Mun ƙware wajen feɗe waƙa da tatsuniya, amma har yau ba mu daidaita a kan sunan da za mu kira waɗannan halittu da shi ba, ɗalibinmu kuma in zai yi zancen taurari sai ya sauka daga Hausa ya hau Ingilishi. Harshen da ba ya iya tattauna batu, ba a gayyatarsa ranar yanke shawara a kansa.

Muryar da ta buɗe faifan nan da sunan al'ummomin duniya ta Kurt Waldheim ce, Babban Sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya na lokacin. A 1986 aka bankaɗo cewa ya yi aikin hafsa a rundunar Jamus ta zamanin Hitler a yankin Balkan, abin da ya daɗe yana rufewa. A 2012 Voyager 1 ya shiga sararin da ke tsakanin taurari, yana gudun kimanin kilomita 17 a daƙiƙa guda, kuma babu mai iya kiransa ya dawo a sauya faifan.