Ƙarancin Ma'aikatan Jinya a Gana: Wa Ke Ɗauke da Nauyin Waɗanda Suka Tafi?



'Yan'uwa, idan aka yi maganar ƙarancin ma'aikatan jinya, hankalinmu kan tafi ga majinyacin da ya kwana yana kira ba a zo ba. Wannan gaskiya ne. Amma akwai wanda muke mantawa da shi, wato nas ɗin da ta rage a ɗakin, tana yin aikin mutum biyu ko uku a kan albashin mutum ɗaya.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2025, ta ce duniya na da giɓin ma'aikatan jinya kusan miliyan 5.8, kuma ƙasashe matalauta ne suka fi jin jiki. A 2023 ta fitar da jerin ƙasashe 55 da ta ce kada a riƙa zuwa ana kwasar ma'aikatan lafiyarsu, ciki har da Gana, Nijar, Najeriya, Kamaru da Chadi. A 2022 kaɗai fiye da nas 1,200 daga Gana suka yi rajistar aiki a Ingila.

Masu tafiyar galibi ƙwararru ne, waɗanda suka shekara a ɗakin tiyata da ɗakin masu matsanancin ciwo. Asibiti irin Korle Bu a Akra, ko Komfo Anokye a Kumasi, idan ya rasa irin wannan, ya rasa mai koya wa na baya aiki. Abin mamaki kuma, ga dubban matasa sun gama karatun jinya suna zaune a gida shekara da shekaru, suna jiran Ma'aikatar Kuɗi ta ba da izinin ɗaukarsu. Ashe ƙarancin ya fi alaƙa da kasafin kuɗi fiye da rashin masu ilimin.

To, yaya rayuwar wadda ta rage take? Aikin dare ya yawaita, hutun da ya kamata ta ɗauka a ɗaga shi, ta tashi aiki wanda zai karɓe ta bai zo ba dole ta zarce. Ita ce mai allura, ita ce mai sa ƙarin ruwa, ita ce mai juya mara lafiya, ita ce mai rubuta rahoto. Ta koma gida ga 'ya'ya ga girki, ga ciwon baya. Mai gajiya kuwa yakan yi kuskure, kuskure a ma'aunin magani kuma rai ne. Wani bincike da Linda Aiken ta jagoranta a asibitocin jihar Pensilbaniya ta Amurka, wanda aka buga a 2002, ya nuna cewa duk majinyaci ɗaya da aka ƙara wa nas, haɗarin mutuwar waɗanda aka yi wa tiyata na ƙaruwa da kashi 7 cikin ɗari, yiwuwar ƙosawarta da aikin kuma da kashi 23. Wadda ta ƙosa ita ce za ta nemi biza gobe, nauyinta ya koma kan na baya. Haka abin yake ta zagayawa.

Yajin aikin da ƙungiyar ma'aikatan jinya da ungozoma ta Gana ta yi a watan Yunin 2025 daga nan ya taso. Sun nemi a aiwatar da yarjejeniyar yanayin aiki da aka sa wa hannu a 2024, gwamnati ta ce kuɗin ba ya cikin kasafin shekarar. Talakan da ba shi da kuɗin asibitin kuɗi shi ya sha wuya a tsakani.

Mafita tana hannun hukuma da farko: ta ɗauki waɗanda ke zaune a gida, ta cika alkawarin da ta sa wa hannu, ta ƙayyade yawan majinyatan da za a ɗora wa nas ɗaya, ta kuma ba masu aiki a arewacin ƙasar alawus da muhallin da za su riƙe su. Tun 2001 shugabannin Afirka suka yi alkawari a Abuja na ware kashi 15 cikin ɗari na kasafi ga lafiya, kaɗan ne suka cika.

Mu ma mutanen zango muna da namu. Mu daina cika ɗakin majinyata da 'yan dubiya ba a kan lokaci ba, mu daina huce haushin rashin gado a kan nas, don ba ita ta tsara kasafi ba. Idan an ga sakaci, a kai ƙara ga shugabannin asibiti. Ɗalibanmu kuma, maza da mata, mu ƙarfafa musu gwiwar karatun jinya, mu tsaya musu har su sami aiki.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya saka wa masu jinyarsu da alheri.