A Daina Zuba Fiya-Fiya A Cikin Wake

Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarmu mai farin jini domin in yi kira ga 'yan'uwana manoma da masu awon hatsi.

Ni mai awon wake ne a kasuwar ƙauye. Bara na sari buhu biyu wurin wani dillali, wake fari tas, babu huji ko ɗaya. Uwargida ta ɗebi kwano guda ta yi alala. Kafin isha'i yara biyu sai amai da gudawa, miyau na dalala. Allah ya kiyaye, muka garzaya asibiti da wuri. Da na sunsuna buhun, wallahi warin fiya-fiya ne. To, in da na auna wa mai ƙosai fa, mutum nawa zan cutar?

Jama'a, fiya-fiya guba ce, ba a yi ta don zubawa cikin abinci ba. Kada mu ruɗi kanmu wai wanki da dahuwa za su kawar da ita duka. Ko a 2015, Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda irin wannan magani ya wuce kima. Abin da Bature ya ƙi, shi za mu ɗura wa 'ya'yanmu?

Na san ƙwaro ɓarna gare shi, kuma kowa na tsoron asara. Amma akwai mafita. Buhun nan mai riɓi uku da ake kira PICS, leda biyu a ciki da buhu a waje, ba ya buƙatar magani. A shanya wake ya bushe sosai, a zuba, a matse iska, a ɗaure kowane riɓi daban. Ƙwaro zai mutu don rashin iska. Jarka ko duro mai murfi ma haka, in dai an cika shi fal an toshe.

Masu saye kuma, ku riƙa sunsunawa kafin a auna muku. In kun ji wari, ku bar shi ko da araha.

Ina kira ga sarkin kasuwa, malaman gona da hukumar NAFDAC su riƙa leƙa rumbuna da shaguna. Mu kuma mu ji tsoron Allah. Ribar da za ta kwantar da ɗan wani ba riba ba ce.

Wassalam.

Naku,
Mai awon wake,
Ɗambatta, Jihar Kano.