Yatsan da Gwaggo ta dangwala

Bayan ƙaramar Salla na je gaida gwaggona a wani ƙauye da ke kan hanyar Pitowa. Muna cikin hira sai ta aiki jikarta ta ɗauko mata wata takarda daga cikin kwalla, an ninke ta gida huɗu. Ta miƙo mini ta ce, "Ungo, ɗan nan, duba mini ka ga ko yaushe za su kawo sakamakon."

Shafi uku ce da Faransanci, a ƙarshenta ga shatin babban yatsanta da shuɗin tawada. Na karanta har sau biyu. Babu wani sakamako da za a kawo mata. Takardar cewa ta yi an ɗebi jininta ne domin bincike, za a adana shi, ana iya aika shi wata ƙasa, kuma ita ta amince da haka bayan an yi mata cikakken bayani. Na ce, "Gwaggo, me suka faɗa muku ranar?" Ta ce, "Gwaji suka ce. Jauro ne ya tara mu, ya ce likitoci sun zo daga birni. To wa zai ce wa likita a'a a ƙofar gidan jauro?"

Ban zargi waɗanda suka zo da mugunta ba. Takardarsu ta cika sharuɗɗa, akwai hatimi, akwai lambar izini, akwai wurin sa hannun shaida. Duk mai dubawa daga Yawunde zai ce aiki ya yi kyau. Amma tsohuwar da aka ɗebi jininta ta yi wata huɗu tana jiran a zo a gaya mata abin da ke damun gwiwarta.

Ku lura da kalmar da ta ji. A Hausa, in malamin asibiti ya ce za a yi gwaji, abin da kowa ke fahimta shi ne za a duba jininsa a gano ciwonsa. Da wannan kalmar kuma muke cewa gwajin sabon magani, inda mutum yake ba da jikinsa domin amfanin waɗanda za su zo bayansa. Kalmar bincike ma haka take, domin a kunnen mutumin ƙauye bincike aikin jandarma ne. Tafintan da bai taɓa zama ya yi tunani a kan wannan ba, zai yaudari mutane ba tare da ya yi niyya ba. A yankinmu kuwa magana takan bi ta baki uku kafin ta isa: daga Faransanci zuwa Fulatanci, daga Fulatanci zuwa Fali ko Gidar ko Mundang ko Tupuri, a bakin wani yaro ɗan sakandare da aka tsinta a wurin.

Abin da ya sa na kawo zancen shi ne Garwa ta zama garin jami'a. A watan Janairun 2022 aka kafa Jami'ar Garwa tare da ta Bertuwa da ta Ebolowa, bayan ta Ngaundere da ke nan tun 1993 da ta Marwa tun 2008. Muna da tsangayar koyon aikin likita, muna da reshen Cibiyar Pasteur, ga cibiyar binciken noma ta IRAD, ga Makarantar Namun Daji da aka buɗe tun 1970. Kowace shekara ɗaruruwan matasa za su riƙa fita da takardun tambayoyi da kwalaben ɗibar jini zuwa Lagdo da Gidar da Poli da Rai Buba, kowa yana neman kammala kundin digirinsa. A shekarar da aka kafa jami'ar kuma, ranar 27 ga Afrilu, aka sa hannu a dokar ƙasa mai lamba 2022/008 game da binciken lafiya a jikin ɗan Adam. Ta wajabta neman yardar mutum, ta wajabta izinin kwamitin ɗa'a da na hukuma, ta tanadi ɗauri da tara ga wanda ya keta. Kafin ita, tun 2012 ma'aikatar lafiya ta tsara kwamitocin ɗa'ar bincike a matakin ƙasa da na yanki da na cibiyoyi.

Doka dai ta samu. Saura waɗanda za su yi aiki da ita, kuma nan ne damuwata take. Horon da yawancin ɗalibai ke samu a yau darasi ne na intanet, irin na TRREE, wanda kyauta ne kuma yana da sashe a kan dokokin Kamaru. Darasi ne mai kyau, ina ba kowa shawarar ya yi shi. A ciki mutum zai ji labarin ƙa'idojin Nuremberg na 1947, da sanarwar Helsinki ta 1964, da abin da aka yi wa baƙaƙen fata a Tuskegee ta Amurka daga 1932 zuwa 1972, inda aka bar su da ciwon tunjere ba magani don a ga yadda zai ƙare da su. Sai dai ɗalibi yana iya gama shi a dare ɗaya, ya buga takardar shaida, ya maƙala a bayan kundinsa, bai taɓa buɗe baki ya yi wa tsohuwa ɗaya bayani da harshenta ba.

Mu Hausawa ba sai mun je Amurka neman misali ba. A 1996 annobar sanƙarau ta kashe sama da mutum 11,000 a Nijeriya. Ana tsakiyar wannan tashin hankali kamfanin Pfizer ya sauka a Asibitin Zana na Kano, ya gwada sabon maganinsa Trovan. Yara kusan 200 aka raba gida biyu, rabi aka ba su sabon, rabi aka ba su wani da aka riga aka sani. Yara 11 suka rasu, wasu suka tashi da kurumta ko shanyewar jiki. Kamfanin ya dage cewa cutar ce ta yi ɓarnar, kuma ma'aikatan jinya sun yi wa iyaye bayani da Hausa sun amince da baki. Iyaye da yawa suka ce su ba su san gwaji ake yi da 'ya'yansu ba. A 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75, ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba.

Kowa ya san wannan ɓangaren. Ɓangaren da nake so a karanta wa kowane ɗalibi a Garwa shi ne na wasiƙar. An gabatar da takardar amincewar kwamitin ɗa'a na Asibitin Malam Aminu Kano, ɗauke da kwanan watan Maris na 1996. Da jaridar Washington Post ta bi diddigi, sai shugaban asibitin ya ce a wancan lokacin asibitin ba shi da irin wannan kwamiti ko kaɗan. Daga baya aka rubuta takardar, aka mayar da kwanan watan baya. Ɗan gida ne ya rubuta ta, mai ilimi, mai digiri, wanda wataƙila a ransa yana ganin gyara takarda kawai ya yi.

Sakamakon ya iso har ƙofarmu. A 2003 jihohin Kano da Zamfara da Kaduna suka dakatar da rigakafin shan inna. Dalilai da yawa suka haɗu, da siyasa da jita-jita, amma duk wanda ya zauna a majalisa a wancan lokaci ya ji ana cewa, "Ba ga abin da aka yi wa yaran Kano ba?" Cutar ta tsallaka iyakoki ta shiga ƙasashen da suka riga suka rabu da ita, Kamaru na ciki. Yaron da ƙafarsa ta shanye a lokacin bai san wata wasiƙa ba.

Mu ma a nan gida muna da namu. A 2004 aka fara gwada maganin tenofovir a Duwala a kan mata 400 masu zaman kansu, don a ga ko shansa kullum zai kare mai lafiya daga kamuwa da ƙanjamau. Ƙungiyar Family Health International ce ke gudanarwa, da kuɗin gidauniyar Gates. Masu fafutuka, ciki har da Act Up ta Paris, suka yi ƙorafin cewa takardun farko da Turancin Ingilishi suke alhali matan Faransanci suke ji, masu ba da shawara sun yi kaɗan, kuma ba a yi tanadin da ya dace ba ga wadda ta kamu ana cikin gwajin. Gidan talabijin na France 2 ya nuna rahoto, a Fabrairun 2005 ministan lafiya Urbain Olanguena Awono ya dakatar da aikin. Abin da ke ba ni baƙin ciki shi ne tunanin da aka gina gwajin a kai daidai ne. Wasu gwaje-gwajen sun tabbatar da shi, a 2012 Amurka ta amince da wannan hanyar kariya, yau ana amfani da ita a duniya. Yadda aka bi da mutane ne ya rushe aikin, matan Kamaru suka yi asarar shekaru.

Don haka da ni za a tambaya yadda za a horar da masu bincike a Garwa da Marwa da Ngaundere, zan ce a fitar da darasin daga kwamfuta a kai shi tsakar gida. A zaunar da ɗalibi gaban dattijuwa ta gaske, ya yi mata bayanin aikinsa da Fulatanci ko Hausa, malaminsa na gefe yana sauraro. Ya faɗa mata cewa ƙuri'a ce za ta raba wanda zai sami sabon magani da wanda zai sami tsoho, likita ba shi ke zaɓa ba. Ya faɗa mata in ta ƙi, gobe ta zo asibiti za a duba ta kamar kowa. Sannan ya yi shiru, ita ta maimaita masa abin da ta fahimta. In ta ce "za ku duba mini ciwona," to bai ci jarrabawar ba, ya sake. Jami'ar da take da sashen harsuna da sashen likitanci a gari ɗaya ba ta da uzurin rashin haɗa su su fitar da kalmomin da kowa zai riƙa amfani da su.

A kuma koya masa matsayin lamido da lawan da jauro. Babu mai hankalin da zai shiga ƙauye bai yi sallama da su ba, haka ba a shiga gida a yi magana da matar aure ba da sanin maigida ba. Wannan ladabi ne, a kiyaye shi. Amma izininsu na shiga gari ne da shiga gida. Jinin na mai shi ne, kuma ba a neman amsarsa a bainar jama'a inda kunya za ta hana shi ƙi. Ko a ciniki, malamanmu na fiƙihu ba su ɗauki sayarwar wanda aka tilasta ko wanda bai san abin da yake sayarwa ba a matsayin ciniki ingantacce.

Wannan bai tsaya ga masu allura ba. Tun da aka buɗe sansanin Minawawo a 2013, masu binciken zamantakewa ke zarya Mokolo da Mora da Kolofata suna naɗar labaran matan da suka kuɓuto daga hannun Boko Haram. Muryar da aka naɗa a wayar ɗalibi, da sunan mace da sunan ƙauyenta, tana iya kashe mata aure ko ta jawo mata abin da ya fi haka, in wayar ta faɗa hannun da bai dace ba.

Akwai kuma ɗaya rabin zancen, wato gaskiyar abin da aka rubuta. Wani ɗan 'yar'uwata da ke karatu a wata jami'a ya taɓa zama a zaurena da tulin takardun tambayoyi, na ga yana cike su da kansa, yana sauya biro. Na yi masa magana, ya ce, "Kawu, mutum 300 malam ya ce, ni kuwa kuɗin motata a mutum 80 suka ƙare. Kowa haka yake yi." Na yi masa faɗa sosai, amma na kwana ina tunanin malamin da ya ɗora wa yaro aikin da ya san aljihunsa ba zai ɗauka ba, bai kuma taɓa cewa a kawo masa takardun ya gani ba. Irin waɗannan alƙaluma suna shiga mujalla, wani ya kafa hujja da su, wata rana a raba gidan sauro ko magani a kansu. Al'ummar da malamanta suka yi ƙarnuka suna tantance isnadi, suna ajiye ruwayar mutum saboda an taɓa kama shi da ƙarya sau ɗaya, bai kamata a ce sai an koya mata wannan daga waje ba. Kundin da ya ce mutum 80 na samu, ga dalili, ya cancanci maki fiye da mai 300 na ƙarya, kuma sai malamai sun faɗi haka da bakinsu a aji kafin yara su yarda. Shi ya sa nake ganin horon daga manya ya kamata ya fara, daga masu sa sunansu a maƙalar da ba su karanta ba saboda neman ƙarin girma.

Su ma kwamitocin a ba su abin aiki. In amsa tana ɗaukar watanni alhali ranar kare kundi ta matso, ɗalibi zai fita ya tattara bayanansa, ya dawo neman izini daga baya. Ranar da ya karɓi takarda mai kwanan watan da bai dace da aikinsa ba, ya koyi abin da aka yi a Kano. Kwamiti ya riƙa zama a kan lokaci, a sa masa kuɗin zuwa ƙauye ya ga abin da ake yi da izinin da ya bayar, a kuma sa ungozoma da limami da fasto da malamar firamare a cikinsa, waɗanda za su ji takarda su ce mutanenmu ba za su gane wannan ba.

Muna buƙatar binciken nan fiye da kowa. Rigakafin MenAfriVac da aka yi a yankin Arewa da Arewa Mai Nisa a 2011 ya sauƙaƙa mana fargabar sanƙarau ta lokacin zafi, kuma a Janairun 2024 Kamaru ce ƙasar farko da ta sa rigakafin zazzaɓin cizon sauro cikin alluran yara na yau da kullum. Dukansu sun samu ne saboda wasu iyaye a wasu ƙasashen Afirka sun miƙa 'ya'yansu aka gwada.

Na faɗa wa Gwaggo abin da takardar ta ƙunsa, ban rage komai ba. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Ashe da na ce ba na so, da ba abin da zai faru?" Na ce babu. Ta ce da sun gaya mata don jikokinta ne, da ta ba su ko kwalba biyu ce. Ta ninke takardar ta mayar cikin kwalla, ta ce in sun dawo za ta aiko a kira ni in zauna kusa da ita.