Wa Ya Ce Daji Ba Ya Son Ƙarfe?



Ya 'yan uwana matasa, akwai wata magana da take hallaka iyayenmu mata a ƙasar Birnin Gwari, muna ji muna yin shiru. Wai ciwon daji ba ya son ƙarfe, ba ya son allura, da zarar likita ya taɓa shi sai ya fusata ya bazu. Wannan ƙarya ce tsagwaronta. Mace za ta ji ƙullutu a mamanta, sai a shafe watanni ana jiƙa mata sassaƙen maɗaci da saiwoyin dajin Kamuku. Ba za a kai ta asibitin koyarwa na Shika ba sai ciwon ya fashe, ya kai ga huhu ko ƙashi. In ta rasu a can, sai a ce ƙarfe ne ya kashe ta.

Ba na raina uzurin talaka. A shekarun da 'yan bindiga suka addabi hanyar Kaduna, kafin sulhun 2024, fita da mara lafiya kasada ce, ga tsadar allurai da gashi. Rigimata da mai magani ce, wanda yake kafa lasifika ranar kasuwa, ya ɗauko hadisin habbatus sauda ya liƙa wa kwalbarsa. Hadisin ingantacce ne, amma a ina ya hana zuwa wurin likita? Ya tabbata a Sahihu Muslim cewa Manzon Allah (SAW) ya aika wa Ubayyu bin Ka'ab likita, ya yanke masa jijiya, ya ƙona wurin. Shin ba ƙarfe ba ne wannan?

Itatuwa kam suna da magani. Vincristine, da ake yi wa masu sankarar jini allurarsa, daga wani fure na Madagaska aka samo shi, amma sai da aka auna shi, aka gwada shi a kan marasa lafiya, aka san adadin da jiki yake ɗauka. Wa ya auna jiƙon malam? Lambar NAFDAC da yake nunawa ma ba shaida ba ce cewa yana warkar da daji.

A 2018 masu bincike na Jami'ar Yale a Amurka suka wallafa cewa waɗanda suka ƙi maganin asibiti suka tsaya ga irin waɗannan magunguna kaɗai, haɗarin mutuwarsu ya ninka sau biyu da rabi. Ga masu sankarar mama kuwa, ya haura ninki 5.