Zamanin da mazan Faransa ke ado da surfani

Sau da yawa mukan ji yaranmu ƴan makaranta suna raina rigar aiki, wai baƙar kwat ita ce suturar wayayyu tun fil azal. To, tarihin Faransa kanta bai goyi bayansu ba.

Tun da Sarki Luwi na 14 ya mayar da fadarsa Bersai a 1682, har zuwa juyin juya halin 1789, bafade ba ya shiga gaban sarki sai cikin kaya uku: doguwar kwat, da falmaran, da wando iya gwiwa. Galibi na siliki ne, saƙar birnin Liyon. Bakin rigar da aljihu da hannu, har maɓallai, duk an lulluɓe su da furanni da ganyaye na zaren siliki, wani lokaci na zinariya da azurfa. Abin da ya fi burge mu shi ne tsarin aikin. Masu surfani kan gama adon a kan shimfiɗaɗɗen yadi tun almakashi bai taɓa shi ba. Mai saye ya zaɓi zanen da ya yi masa, sannan tela ya yanka daidai jikinsa. Sana'ar ta kai har mai zana wa Luwi na 15 ado, Sharl-Jarman da Santoban, ya wallafa littafi a kanta a 1770.

Ba muna yabon komai ba ne. Siliki da zinariya shari'armu ta haramta su ga maza, kuma fadawa da dama bashi suka ci don kada a fi su a fada, alhali talaka na neman burodi. Da guguwa ta taso, masu tawayen Faris da dogon wando aka san su, gajeren wandon fada ya zama abin tsana. Masaƙan Liyon suka shiga wahala, sai da Napoliyon ya zama sarki a 1804 ya dawo da kayan fada, kasuwarsu ta farfaɗo. A ƙarni na 19 ne baƙar kwat maras ado ta mamaye maza.

Duk da haka ba a yar da allura ba. Ƴan majalisar harshen Faransanci har yau suna sa riga mai surfanin ganyen zaitun, wadda aka tsara a 1801. Ita Sanghor na Senegal ya sa bayan an zaɓe shi a 1983.