Riƙo Amana Ne: Rawar Malami Wajen Kare Ɗan Riƙo

Riƙo daɗaɗɗiyar al'ada ce a ƙasar Hausa, wato mutum ya ɗauki yaron da ba shi ya haifa ba ya rene shi a gidansa. Akan miƙa ɗan fari ga kakanninsa saboda kunyar da iyaye suke yi masa, akan kuma bai wa matar da Allah bai nufe ta da haihuwa ba 'yar ƙanwarta. Haka nan rasuwar iyaye ko mutuwar aure kan mayar da yaro hannun baffa ko gwaggo ko kawu. Albarkacin wannan al'ada ne maraya kan tashi cikin danginsa, ya san asalinsa.

Dokokin zamani ma sun amince da wannan hanya. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989, wadda Nijeriya ta amince da ita a 1991, ta tanadi kariya ta musamman ga yaron da ya rasa kulawar iyayensa, har ta ambaci kafala ta shari'ar Musulunci. Nijeriya ta kafa Dokar Haƙƙin Yara a 2003, Jihar Kano kuwa ta samar da tata dokar kare yara a 2023.

Sai dai riƙon dangi yana da rauni guda babba: da baki ake ƙulla shi, kuma da wuya a sami mai bibiyar halin da yaron yake ciki. Alal misali, akan ɗauko yarinya daga ƙauye da alkawarin za a sa ta makaranta, ta ƙare a wanke-wanke da raino da talla. Wani maraya kuma a cinye gadonsa kafin ya yi wayo. Mafi muni shi ne cin zarafi ta hanyar lalata, wanda akan rufe don gudun abin kunya. Alhali kuwa dokar hana fataucin mutane ta 2015 ta haramta ɗaukar yaron da bai kai shekara 12 ba aikatau, dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 kuma ta wajabta wa mariƙi sa yaro makaranta kamar yadda ta wajabta wa mahaifi.

Wasu kan ce aikin gida tarbiyya ce, kuma tsoma baki a harkar gidan wani shisshigi ne. Gaskiya ne icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Amma ma'aunin a bayyane yake: idan 'ya'yan gida suna makaranta ɗan riƙo yana bakin rijiya, ko su ci da zafi shi ya jira ƙanzo, to, abin ya tashi daga tarbiyya ya koma zalunci.

A nan ne rawar malami take fitowa, domin sau da yawa shi ne kaɗai baligin da yake ganin yaron kullum a wajen gidan mariƙinsa. Ya kamata tun ranar ɗaukar ɗalibi a rubuta sunan mariƙi da na iyaye ko wani makusanci. Malami ya lura da yawan makara, da gyangyaɗi a aji, da rama, da tabon duka, da firgita in an ɗaga murya. In ya ga haka, sai ya keɓe yaron ya saurare shi cikin lumana, ya kiyaye sirrinsa, sannan ya sanar da shugaban makaranta. Daga nan a nemi mai unguwa da jami'an jin daɗin jama'a na ƙaramar hukuma. Batun lalata kuwa na asibiti ne da 'yan sanda, bai dace a kashe shi da sulhu a zaure ba.

Su ma iyayen da suka ba da riƙo nauyi bai sauka daga kansu ba, domin zumunta a ƙafa take. Ziyara a kai a kai takan sa mariƙi ya yi hattara, yaro kuma ya sami wanda zai kai wa kuka. Mariƙai na kirki suna da yawa, kuma sa ido ba zai rage su da komai ba. Wanda shiru yake cutarwa shi ne yaron da ya faɗa mugun hannu, don haka wajibi ne malami ya zama idonsa da bakinsa.